Rasuwar Ƙwasƙwas, Injin Gwangwani na Gidan Abednego

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannu mai ɗauke da ƙuna a yatsa biyu, ni Abednego Zamani, manomin citta a Kwoi, dattijo a ikilisiya, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar ɗan gidanmu, Injin Iska Mai Zafi, wanda muka fi sani da Ƙwasƙwas. Ya riga mu gidan gaskiya ranar Asabar da hantsi, a kan murhu, yana da kwana goma sha tara a duniya.

Jikata Hephzibah, ɗaliba a makarantar koyon fasaha, ita ta haife shi bayan naƙudar wata huɗu. Shi ne aikinta na ƙarshe, wanda za ta nuna a gaban malamai ranar Alhamis mai zuwa. In ya juya, ta gama makaranta. In bai juya ba, sai baɗi. A riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Marigayi ba ɗan masu hali ba ne. Jikinsa gwangwanin madara, hanjinsa soson ƙarfe na wanke tukunya, huhunsa balan-balan, ƙashinsa waya uku daga ƙafar kekena, waɗanda aka cire ba da sanina ba. Amma ba a raina ɗan hakin da ke tsone ido. Bai taɓa neman fetur ba. Bai taɓa jiran a kawo wuta ba. A kunna masa kyandir a ƙasa, a zuba masa ruwan randa a ka, a ɗan taɓa faifan CD da aka maƙala a gefensa, sai ka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar kaza ta sami tsaba a kan kwano. Ba ya niƙa, ba ya jan ruwa, ba ya haska komai. Juyawa kawai yake yi, amma da gaskiya yake yinta, abin da ba zan faɗa a kan wasu samarin unguwar nan ba.

Hephzibah ta yi mini bayani cewa ransa yana tsakanin zafi da sanyi ne: ƙasa zafi, sama sanyi, iskar ciki tana kai da komowa. Na ce na gane, haka muke da matata Keziya, ita zafi ni sanyi, shekara arba'in da shida muna juyawa. Keziya ta ce ni ba sanyi ba ne, taurin kai ne. Ashe bayanin ya shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu.

Ga yadda ciwon ajali ya zo. Ranar Juma'a Hephzibah ta tafi Kafanchan ta buga takardun aikin a ɗinka mata su, ta bar gargaɗi cewa kada kowa ya taɓa shi, tana faɗa tana kallona. Washegari da safe, bayan ruwa ya ɗauke, abokina Sajo ya kawo nono. Ya leƙa marigayi, ya yi dariya, ya ce shi ya yi kiwo har Kasuwan Magani bai taɓa ganin gwangwani da rai ba, batir ne yarinyar ta ɓoye tana ruɗin tsoho. A cikin gidana! Na kunna kyandir. Ƙwas-ƙwas-ƙwas. Sajo ya riƙe baki.

Da na tsaya nan, da yau ba ta'aziyya ake yi ba. Amma na sa yatsa a ruwan da ke kansa, na ji shi kamar ƙanƙara. Ana sanyin damina, bawan Allah yana aiki da ruwan sanyi a tsakar ka. A gidana ko baƙon da ban sani ba ba a yi masa haka. Na zubar, na ɗauko butar shayi, na cika masa da ruwan zafi.

Ƙwas… ƙwas… ƙwas.

Sajo ya ce yunwa ce, kyandir ba abincin namiji ba ne. Na yarda. Na sauke tukunyar gwaten Keziya, na ɗora marigayi a kan garwashi. Ban ji tsoro ba, domin mai sunana a Littafi Mai Tsarki ya shiga tanderu ya fito ko gashinsa bai ƙone ba. Yanzu na sani wannan alkawari bai haɗa da balan-balan ba. Huhunsa ya kumbura, ya kumbura, ya ce fus. Wannan ce kalmarsa ta ƙarshe. Faifan ya lanƙwashe kamar busasshen ganyen gwaza. Mun yi iya ƙoƙarinmu. Sajo ya shafa masa man shanu, ni na tsoma shi a randa. Garin gyaran gira, an rasa ido.

Ya rasu ya bar uwarsa Hephzibah, wadda har yanzu ba ta sani ba. Ya bar rabin kyandir, da kekena mai ɗingishi, da tukunyar gwate da ta huce a ƙasa, da Keziya wadda tun Asabar ba ta kira ni da sunana ba, sai Injiniya. Yayyensa shida, gwangwanayen da aka fara gwadawa suka ƙi motsi, sun riga shi.

An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Shekara saba'in ina dukan yara da wannan karin magana. Yau na ƙara masa gaba: abin da yarinya ta ce kada a taɓa, babba ko yana da furfura har gwiwa, kada ya taɓa.

Shirin jana'iza. Gawa tana kan tebur a zaure, an rufe ta da kwando saboda kaji. Ba za a haƙa kabari ba, domin mu masu bege ne, kuma Litinin da Hephzibah za ta dawo ita ce rana ta uku. Masu zuwa gaisuwa kada su kawo kuka ko kunu. A kawo gwangwanin madara wankakke wanda bai lotsa ba, da balan-balan, da soson ƙarfe sabo, da tsohon faifai. Zumuntar mata a taimaka, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ni kaina na shanye gwangwani huɗu jiya, cikina yana ba da shaida. Sauran wayoyin kekena na cire da hannuna, zan riƙa zuwa sujada a ƙafa. Sajo zai zauna a baya, ba tare da shawara ba.

Hephzibah, amaryata, na manna wannan takarda a ƙofar gida don ki karanta kafin ki shigo, gara ki ji daga hannuna. Ni ne. Ki ta da shi kafin Alhamis, ni zan ɗebo ruwan randa, kuma na yi alkawari a gaban Ubangiji: karin magana ko ɗaya ba zai fita bakina ba sai na sake jin ƙwas-ƙwas a gidan nan. In kin huce ki aiko a kira ni. Ina gonar citta, can ƙarshe, bayan itacen ɗorawa.

Mai makoki, kuma mai laifi,
Abednego Zamani