Tampol ɗin da Na Rufa wa Awaki

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da buhun riɗina ya tona mini asiri a Haɗeja. Lokacin ni ne shugaban ƙungiyar manoman riɗi ta ƙauyenmu, can wajen Kirikasamma (furfura ce ta ba ni kujerar, don karatuna a firamare ya tsaya).

Tun da damina malamin gona ya tara mu, ya ce mutanen ƙasar Sin za su zo sayen riɗi. Ya ce cinikin duniya yanzu yana da ƙa'idojin da ƙasashe suka amince da su, kuma Sin tana cikin masu faɗa a ji. Ya raba mana tampol, ya ce a kansa za a kaɗe riɗi, kada ya taɓa ƙasa.

Na yi dariya. A sanina Sin babur da injin ban ruwa take sayar mana, yaushe ta zama mai duba mana amfanin gona? Na kai nawa tampol ɗin gida na rufa wa awaki rumfa. Da kaka na share fili na kaɗe riɗina a ƙasa, yadda mahaifina yake yi.

Ranar da baƙon ɗan Sin ya zo Haɗeja da tafintansa, muka kai riɗinmu can, na sa babbar riga na yi jawabi. Har na ce riɗinmu ko a ido aka zuba ba zai yi kaikayi ba. Tafinta ya ce buhu ɗaya za a gwada a madadin kowa. Malam Sabo, ma'ajinmu, ya raɗa mini, "Baba, a ba su na Iya Tabawa." Gwauruwa ce da ta bi ƙa'ida sau da ƙafa.

Na ce, "Shugaba yana tsaye a buɗe buhun wani?"

Baƙon ya ɗebi nawa ya zuba a rariya, ya girgiza a kan farar takarda. Yashi ya sauko, da tsakuwa, sai ga kashin akuya guda biyu a saman rariyar. Hoto kawai ya ɗauka da wayarsa.

Daga bayan taron wani ya ce, "Baba, ashe har da taki muke fitarwa waje?"

Motarsu ta wuce Guri, can suka sayi riɗin shekarar. Namu kuwa, dillalai suka kwashe shi a wulaƙance, har da na Iya Tabawa. Na je gidanta ba da haƙuri, ta ce, "Ba komai, Malam. Yaya awakin?" Har yau gara mini zagi da tambayar nan.

Abin da na koya shi ne, wanda zai ci riɗinka a can nesa bai san furfurarka ba, rariya ya sani. Damina ta gaba na kware rumfar. Awakin sun sha ruwan sama, kuma su ban ba su haƙuri ba.