Rasuwar Agogon da Ya Tsaya a Saba'in da Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda yanzu babu mai ƙirga bugunta, iyalan Malamin Lissafi mai ritaya suna sanar da 'yan uwa da abokan tattaki rasuwar agogonsa na auna bugun zuciya, bayan shekara biyu yana ɗaure a hannunsa na hagu.

Marigayin ya shigo gidan ne makon da likita ya ce Malam yana da hawan jini, ya ɗora shi a kan magani da tattaki kowace safiya. Babbar 'yar Malam ce ta kawo shi. An shaide shi da sammako, ba ya kuma ƙyamar zufa. Idan Malam ya cika sauri a hawan gada, sai ya ce "tit-tit, tit-tit", Malam ya sassauta. Mutumin da bai taɓa jin maganar kowa ba a gidan nan, ya ji ta agogo.

Wata uku da suka wuce marigayin ya fara nuna saba'in da biyu. A zaune, saba'in da biyu. A tsakiyar gada ana haki, saba'in da biyu. Malam, wanda ya shekara talatin yana gaya wa ɗalibai lamba ba ta ƙarya, ya ɗauka zuciyarsa ce ta koma ta saurayi. Ya riƙa cusa wa abokan tattaki hannu a fuska. Ya tura maganinsa bayan madubi. Da uwargida ta yi magana, ya miƙa mata agogon, wai ta karanta da kanta in ta iya.

Ranar Talata ya ci alwashin hawa benensu mai hawa huɗu ba tare da hutawa ba. A na uku jiri ya kwashe shi, ya zube a matattakala. A asibiti nas ta auna ta sami ɗari da talatin. Marigayin kuwa, ko kunya babu, saba'in da biyu.

Duk da haka Malam bai juya masa baya ba. Ana sallamarsa ya duƙufa jinyar agogon. Ya goge koriyar fitilar da ke bayansa, ya matse maɗauri, ya cika shi da caji, ya kashe ya kunna, ya raba shi da waya ya sake haɗa su, har gashin hannunsa ya aske. Daga ƙarshe mai gyaran waya ya karɓa, ya ɗaura shi a ƙafar benci. Benci ma saba'in da biyu.

Ba faɗuwar ce ta ƙona wa Malam rai ba. A kan wannan abin ya gwale matar da suka shekara arba'in tare, abin kuwa ya daɗe da mutuwa yana ta haske. An ci amanarsa, kuma ya ce bai yafe ba.

Marigayin ya bar caja ɗaya, da kwali, da takardar bayani da ba a taɓa buɗewa ba, da farin tabo zagaye da hannun Malam.

Za a yi jana'iza gobe bayan tattaki, a durowar ƙasa, kusa da matattun batura. Babu zaman makoki. Masu zuwa gaisuwa su hau benen a hankali. Za su tarar uwargida ta gaji aikin marigayin: yatsu biyu a hannun Malam, ƙwayar magani a ɗaya hannun. Ita dai ba ta taɓa gaya masa lambar da yake son ji ba.