Sabon Faifai da Bidiyon Saukar Halimatu

Wani ne a can wajenmu Kusada, irinmu ɗin nan masu ɗaukar bidiyon biki. Kun dai san mu: kyamara ɗaya, laftof ɗaya da aka saya hannu na uku, sai rigar nan mai tarin aljihu da babu komai a cikinsu. Kada ku tambaye ni sunansa. Sana'armu ɗaya, gobe ma tare za mu tsaya a rana muna jiran a miƙo mana shinkafa.

Shi wannan bawan Allah akwai wadda yake so, Halimatu Sa'adiya, 'yar Malam Sada mai makarantar Islamiyya. Ita dai ba ta ƙi shi ba. Malam ne bai ce e ba, bai ce a'a ba. Duk ran da ya je gaisuwa sai Malam ya dube shi tun daga hula har takalmi, ya ce, "To, madalla," ya mayar da kai kan karatunsa. Wannan madallar ta fi komai ci wa mutumin nan rai, don bai san ko ta yabo ce ko ta sallama ba.

Ana nan sai ga walimar saukar Alƙur'ani, Halimatu na cikin masu sauka. Mutuminku ya ga hanya ta samu. Ya je ya durƙusa.

"Allah gafarta Malam, ɗaukar bidiyo a bar mani. Kyauta."

"Kana iyawa?"

"Malam, ai duk Kusada ni ake ji."

"To, madalla. Inna mahaifiyata ba ta iya hita saboda ciwon ƙafa. Ita ta reni ɗiyar nan, ba ta da buri sai ta gan ta tana karatu gaban jama'a. Ran Juma'a bayan la'asar ka kawo ta gani."

Ranar walima ya yi aiki kamar zai mutu. Ya hau benci, ya hau katanga, ya kwanta a ƙasa don ya samo allo da kyau. Da Halimatu ta fara karatu, wuri ya yi tsit, mata na share hawaye. Ya dawo gida ya juye komai a laftof, yana ji a ransa aure ya ɗauru.

Da ya zauna tacewa sai laftof ta ce ba ta san zancen ba. Ya danna nan, ta tsaya tana tunani. Ya danna can, ta ce ciki ya cika. Fanka na kuka kamar injin markaɗe. Ya sa ta a jaka, ya hau babur sai Kankia, shagon Ɗanmaliki mai gyara da sayar da kayan kwamfuta.

Ɗanmaliki ya leƙa ya ce, "Ai shara ce ta cika ta."

"Wace shara? Kullum sai na goge ta da tsumma."

"Ba ta waje ba. In kana tace bidiyo, injin shina ajiye guntayen gwaji, kamar yadda mata ke sussuka ƙaiƙayi na taruwa gefe. In an gama aiki ba su da amfani. Faifan ajiya na biyu za ka saya, ka jona da waya, ka ce mata ta riƙa zuba sharar can. Nata na ciki lahiyarshi lau, ka bar ma aikinka."

"To a ba ni na shara. Mai sauƙi."

Ya ɗauko masa wani ɗan siriri irin na zamani. Mutuminku ya ɗora a tafin hannu, ya jinjina, ya ɓata fuska.

"Wanga ai iska ce. Ko biskit ya fi shi nauyi."

"Shi ne mai sauri. Ba shi da abin da ke juyawa ciki."

"Ka gani ko? Da bakinka ka ce babu komi ciki. Kuma shi ne mai tsada?"

Kun san yadda muke sayayya. Rago ɗagawa muke, kankana jinjinawa muke, tukunya ƙwanƙwasawa muke. Duk abin da bai sa mana hannu ya sage ba, gani muke an cuce mu. Haka ya bi kayan shagon nan ɗaya bayan ɗaya yana aunawa, har idonsa ya kai kan wani ƙato a ƙasan kanta, wanda Ɗanmaliki ke tokare ƙofa da shi in iska ta taso.

Ya ɗaga. Fuskarsa ta washe.

"Yawwa. Ga kaya."

"Wannan ya ga jiya fa. Ni kaina ban san shekarunshi ba."

"Kayan da ai sun hi ƙwari."

Ya kara a kunne ya girgiza, ya ji wani abu na motsi a ciki, ya gyaɗa kai, wato akwai kaya. Ya sa ɗan makullin babur ya ƙwanƙwasa shi sama da ƙasa. Ɗanmaliki ya runtse ido.

"Akwai garanti?" in ji mutuminku.

"Akwai, har bakin ƙofa."

Aka yi ciniki, ya taya kamar yana zagi, Ɗanmaliki ya sallama da sauri har abin ya ɗan ba shi mamaki. Aka saita masa laftof. Yana fita Ɗanmaliki ya ɗaga murya ya ce, "Shara kaɗai fa." Ya ce ya ji. Ya ɗaure faifan a bayan babur da roba, kusa da ƙullin tattasai, ya kama hanyar Kusada, babu ramin da bai gaisa da shi ba.

A gida ne abin ya lalace. Ya goge faifan da man shafawa, ya shimfiɗa masa hankici, ya zauna yana kallonsa. Sai zuciyarsa ta ƙi.

Ku faɗa mini tsakani da Allah, a gidan wa aka taɓa sayo sabon bokiti aka kai shi bayi? Sabo na ruwan sha ne, tsohon ke sauka ya koma wanka, na wanka ya koma wajen awaki. Sabuwar tabarma ta baƙi ce. Sabuwar riga ta Juma'a ce, tsohuwa ta tafi gona. Haka muka tashi muka gani, kuma a wajenmu duk abin da ya shigo gida yau sabo ne, ko da ya girmi mai gidan.

Ya ce a ransa, "In hidda kuɗina in sawo abu, ran farko in zuba mashi shara? Kuma karatun Alƙur'ani shina can cikin tsoho? Wannan ai rashin ladabi ne."

Nan take ya kwashe bidiyon walima kaf ya mayar cikin baƙon faifai. Ya goge na cikin laftof. Ya juya saitin da aka yi masa, ya ce shara ta zauna inda ta saba. Laftof ta samu fili, ta kama gudu. Ya yi dariya shi kaɗai, ya ce Ɗanmaliki gyara ya iya, amma bai san darajar kaya ba. Washegari aka kira shi suna a Rimaye, ya share memorin kyamara tas don ya samu wurin ɗauka.

Sauran kwanakin ya zauna aikin tacewa, ko in ce aikin da muka fi ba muhimmanci. Ku da kuke kallon bidiyonmu kun sani: amarya minti biyu ake gyara ta, amma wurin da sunan mai ɗauka ke fitowa, nan ƙarfinmu ke ƙarewa.

Ranar Alhamis da hantsi faifai ya fara wani ƙas, ƙas, ƙas, kamar kaza na tsattsagar tire. Can ya yi shiru. Laftof ta ce ba ta san da wani faifai ba.

Ya zare waya ya mayar. Ya hura masa iska. Ya kai shi gindin randa ya sha sanyi, ya fito da shi rana ya sha ɗumi. Ya tofa masa duk addu'ar da ya haddace, har da ta shiga kasuwa. Shiru. Ya kira Ɗanmaliki a waya.

"Kayanka ya mutu."

"Allah ya jiƙanshi. Ai ba asara, shara ce ciki."

Mutuminku ya kama gyaran murya.

"Ko ba shara ba ce?"

"Akwai ɗan karatu."

"Karatun wa?"

"Na ɗiyar Malam Sada. Duka walimar."

"Ina na cikin laftof?"

"Na goge."

"Na kyamara fa?"

"Sunan Rimaye na kai."

Ɗanmaliki ya ce, "Kana da dangi nesa? Wajen Maraɗi haka?"

Bai gudu ba, don soyayya ba ta bar shi ba. Ranar Juma'a da safe ya shiga tona cikin laftof kamar mai neman allura, sai ga wani wuri cike da guntayen bidiyo, wato sharar nan da ya hana ta ƙaura. Ya buɗe na farko: ga ƙofar makaranta, ga rubutu na walƙiya, Walimar Saukar Alƙur'ani. Ya yi sujada a tsakar ɗaki. Kafin ya buɗe na biyu aka ɗauke wuta, batir kuwa dama sunan batir kawai gare shi. Ya ce ba komai, tunda kai ya fito, sauran jiki na ciki.

Bayan la'asar gidan Malam ya cika. An aro janareta, an aro babbar talabijin. An tallabo Inna an zaunar da ita a gaba kan kujera, an sa mata matashi a ƙafa. Halimatu na bayan mata ta ja mayafi tana murmushi. Malam na gefe da carbi.

Ya jera guntayen, ya danna, ya koma gefe ya harɗe hannu.

Ƙofar makaranta ta fito, aka yi kabbara. Sai allo ya yi baƙi. Sai ga mutuminku, da baƙin tabarau, ya saɓa kyamara a kafaɗa, yana juyowa a hankali, sunansa na saukowa daga sama da harshen wuta.

Aka ɗan yi dariya, aka jira.

Na gaba ya shigo. Shi ne dai, wannan karon yana fitowa daga cikin fure. Na gaba, shi ne a kan gajimare, lambar wayarsa na zagaya kansa. Na gaba, ya rabu gida huɗu, kowanne na ɗaga wa ɗan'uwansa gira. Akwai wanda zaki ke hamma, shi yana fitowa daga bakin. Duk gwajin da ya yi a satin nan, babu wanda injin ya yar.

Inna ta matso da fuska kusa da talabijin, ta ƙanƙance ido.

"Sada, wannan ita ce Halimatun? Mi ya same ta?"

Halimatu ta tashi ta shige ɗaki. Gumi ya jiƙe wa mutuminku riga har aljihunan. Ya lallaɓa ya durƙusa gaban Malam.

"Ina karatun?" in ji Malam, a hankali.

"Allah gafarta Malam, karatun... shina cikin wani faifai, faifan kau ya rasu jiya."

"Wannan da muke kallo fa?"

"Wannan ba komi ba ne, Malam. Injin ne ke ware abin da ba shi da amfani, ya tara wuri guda kahin a zubar. Shara ce."

Malam ya dubi talabijin, inda mutuminku ke kan doki da fukafukai. Ya dawo ya dube shi tun daga hula har takalmi. Ya ja carbi ɗaya.

"Ikon Allah. Tun bara nike istihara a kanka, ashe injin ya riga ni samun amsa."