Ranar da Na Zubar da Tokar Inna

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka tashi daga ƙauyenmu na gefen Ɗanzomo ba. Ko na so in manta ma, Ladi ƙanwar maigidana ta ɗauki alkawarin tuna min har in koma ga Allah.

Bari in fara faɗa muku ko ni wace ce, don ku gane inda matsalar take. Ni 'yar cikin garin Gumel ce. Mahaifina malami ne, a gidansa na yi sauka har na shiga littattafai, abin da ba kowace mace ta samu ba. Hatsi kuwa a dami na san shi, ana kawo wa Baba sadaka. Ban taɓa riƙe fartanya ba. Da aure ya kai ni ƙauye sai na ɗauka an aiko ni ne in gyara mutane (Allah ya yafe min). Ba na ɓoye magana, kuma ban iya jira ba. Mutanen gidan suna kirana Malama, ni kuma na zaci girmamawa ce.

Shekara goma ke nan bayan babbar yunwa, lokacin da mota sai dai mu ji labarinta a bakin fatake. Rijiyar ƙauyenmu ta yi ƙasa, guga sai ya dawo da laka. Maigidana ya samu fili wajen Gagarawa, ya share daji, ya kafa ɗakuna uku, kuma dole mu isa kafin ruwan shuka. Jakuna biyu gare mu, sai takarkari ɗaya da wani maƙwabcinmu Bafulatani ya ba mu aro, tafiya ɗaya tak. Maigida ya ce, "Abin da dabbobin nan uku ba su ɗauka ba, a nan zai zauna."

Wannan magana ta yi min daɗi. Kafin hantsi na gama da ɗakina. Saura ɗakin Inna, mahaifiyar maigida.

Jama'a, ɗakin Inna! Ƙwarya an ɗinke ta wuri uku amma tana rataye a ragaya. Tsintsiyar da ta ƙare saura tsawon yatsa. Rariya mai huda, faifan da bakinsa ya zare, mazari biyar, tsummoki a adudu, tabarmar da ko akuya ba za ta kwanta a kai ba. Tun da na zo gidan idona yake kan ɗakin nan.

Ana gobe za mu tashi, Inna ta tafi Ɗanzomo yin sallama da ƙaninta, za ta kwana can. Da za ta fita ta ce, "Malama, ki naɗe min tabarmi ki ɗaure tukwane. Sauran ki bari in dawo." Rabin farko na maganar na ji.

Na ɗaura ɗamara, na kafa doka da bakina: duk abin da ba a taɓa ba tun kaka, juji. Ladi, wadda ta zo daga gidan mijinta don ta taya mu, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona.

"Matar yaya, da kin jira mai ɗakin."

"In na jira Inna, damina za ta same mu a nan muna shawara kan tsintsiya."

"To, Malama. Ni dai tuwon tafiya aka ce in yi." Ta koma madafa abinta.

Na yi ta jida ina kaiwa bayan danga. Can ƙarƙashin gadon kara na ga wani tulu, an liƙe bakinsa da laka, yanar gizo ta lulluɓe shi. Na jawo shi da ƙyar, na sa gindin taɓarya na fasa lakar, na leƙa. Toka! Na tsoma yatsa ɗaya (ɗaya fa, shi ma iyakar gaɓar farko), na ga toka ce dai. Har dariya na yi ni kaɗai. Na aza gammo, na ɗauka, na kai juji. Da zan juye sai na kau da kai na rufe ido, kada ta ɓata min kwalli. Na jefa tsohuwar tabarmar nan a kai don kada iska ta dawo mana da ita cikin gida, na ɗora ƙwaryar da rariyar da faifan. Tulun kuwa na wanke shi tas, na cika shi da ludaya. A ranar barci na yi irin na wadda ta yi aikin lada.

Da safe na yi wanka, na ɗaura baƙin zanena na saƙi, wanda nake ji da shi, don in shiga sabon gari da kwarjini. Matan ƙauye suka fara shigowa sallama. Na lura kowacce da ɗan ƙoƙo a hannu. A raina na ce, sun zo kwasar abin da muka bari ke nan. Har na nuna musu hanyar juji, na ce su zaɓa.

Sai ga Inna. Ta gaisa da mutane, ta shiga ɗakinta, ta ɗan jima, ta fito.

"Malama, ina tulun da ke ƙarƙashin gado?"

"Ga shi can, Inna, na wanke muku shi." Da na tsaya a nan da abin ya zo da sauƙi. Amma sai na ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Toka ce fa cike da shi! Inna, ko a Gagarawa ba a hura wuta ne, sai mun je da tamu?"

Na yi dariya. Ni kaɗai na yi ta.

Inna ta nemi turmi ta zauna. Gwaggo Hajjo, tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu, ta saki ƙoƙonta ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Yarinya, irin waken kika zubar?"

"Wane wake, Gwaggo? Toka ce na ce muku."

"A cikin me ake ajiye irin wake in ba toka ba? Ko a Gumel ƙwari ba sa cin wake?"

Ashe ana cuɗa irin da toka ne, a zuba wata a sama, a liƙe bakin tulu, ƙwaro ba shi da hanya. Kowace yarinya 'yar shekara bakwai a ƙauyen ta san wannan. Kuma ba kowane wake ba ne. Wani ɗan ja ne mai saurin nuna, wanda mahaifiyar Inna ta zo da shi daga Damagaram. Ko ruwa ya ɗauke da wuri, shi ya riga ya yi. A bara na kowa ya lalace, na Inna kaɗai ya rage. Ƙoƙunan nan da na raina, Inna ce ta ce kowacce ta zo ta ɗiba, don kada irin ya bar garin tare da mu.

Sai Inna ta yi magana, a hankali, ba ta ko dube ni ba.

"Shekarar yunwa, ƙarangiya muka ci da ganyen jiga. Maigidanki yana kwance ba ya iya tashi, yana roƙona in dafa ko tafi ɗaya. Tulun nan yana ƙarƙashin gadona. Ban buɗe ba."

Ban san lokacin da na fita ba. Na dai tsinci kaina a bayan danga da gudu, ni da ban taɓa gudu a gaban surukai ba. Awaki uku da zabi sun riga ni. Na yi musu ihun da ya sa jakunan ma suka firgita. Duk abin da ya gangaro gefe sun cinye. Na ɗaga tabarmar. Ƙarƙashinta tokar tana nan. Na cusa hannu har gwiwa, na damƙo, na buɗe. Jajayen ƙwayoyi bakwai ko takwas.

Tabarmar da na ce ko akuya ba za ta kwanta a kai ba, ita ta hana akuya.

Na durƙusa da baƙin zanena a tsakiyar juji. Ina bukatar abin tankaɗe, kayanmu kuwa duk an ɗaure su a kan dabbobi. Na duba gefena, ga rariyar nan mai huda. Na yago tsumma daga cikin na Inna na toshe hudar. Ga faifan da bakinsa ya zare, ga ƙwarya mai ɗinki uku. Ɗaya bayan ɗaya na tsince abubuwan da na jefar jiya, a gaban duk matan garin, waɗanda suka biyo ni suka jeru a jikin danga.

Ladi ta ce, "Malama, wannan babin a wane littafi yake?"

Toka ta shiga idona, ta shiga hancina, ina atishawa ina tankaɗe. Kwallin da na kare jiya ya gangaro har haɓa.

"Wayyo, ku zo ku ga matar yaya, ta yi furfura rana ɗaya!"

Maigida ya zo ya tsaya nesa kaɗan, yana kallon rana. "An ɗaure kaya. Mai takarkari ya ce in rana ta take, dabbarsa ba za ta yi tafiya ba. Tashi mu tafi, abin da ya faru ya faru."

"Ba inda za ni."

"Me kika ce?"

"Na ce ba inda za ni, Malam. Ku yi gaba, na bi sawu. Ni na zubar, ni zan tsince."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai muka ji muryar Inna daga bayansa. "Ƙyale ta." Ta zo ta zauna a inuwar danga. Da ta ga ina bakace da faifai kamar mai korar ƙuda, ta ce, "Juya wa iska baya, 'yar nan. Karkata hannun." Shi ne darasin farko da na ɗauka a garin ba tare da na yi musu ba.

Gwaggo Hajjo ce ta fara durƙusawa kusa da ni, tana mita. Sai wata, sai wata. Har Ladi, amma bakinta bai huta ba. Muka bi jujin nan taki-taki, har kashin awaki na riƙa murzawa ina dubawa, don kamarsu ɗaya a cikin toka (kada ku tambaye ni sau nawa na yi kuskure). Mai takarkari ya sauke kayansa ya koma gindin tsamiya. Sai bayan azahar muka gama. Abin da muka samu bai kai rabin tulu ba.

Na kawo ƙwaryar gaban Inna na durƙusa. Maganar da na shirya ta tsere, sai na ce, "Inna, ku yafe min."

Ta sa hannu ta juya waken. Ta kira matan, ta zuba wa kowacce tafi ɗaya maimakon ƙoƙo. Sauran ta ce in kwashe ludayan nan daga tulu, in kawo toka daga murhu. Ta sa ni na cuɗa, na zuba, na kwaɓa laka na liƙe da hannuna. Sannan ta ce, "Dabbobi sun cika. Ga gammo."

A kaina tulun ya je Gagarawa, kwana muka yi a hanya. Haka na shiga sabon gari, fari fat tun daga ɗankwali har ƙafa, ƙwarya mai ɗinki a hammata. Mutanen can ba su taɓa sanina da Malama ba. Mai Toka suke ce min har yau, kuma na san wadda ta kai musu sunan.

Waken ya fito, Alhamdu lillahi. Da kaka ni na liƙe tulun, kuma yanzu a ƙarƙashin gadona yake.

Abin da na koya shi ne, in za ki jefar da kayan tsohuwa, ki tsoma hannu har gwiwa, ko ki jira ta dawo. Sai dai na fi ƙarfin darasin. Yanzu ko guntun tsintsiya zan yar sai na kai wa Inna ta gani. Shekaranjiya ta dube ni ta ce, "Mai Toka, wannan kam shara ce. Don Allah ki bar ni in huta."