Tolegen Ya Yi wa Bango Wanka

"A'a, Jezde, sannu da aiki! Ko in ce sannu da ɓarna?"

Ƙanwata Marjan ke nan, ko takalmi ba ta gama cirewa ba. Tun da Tolegen ya aure ni take kiransa Jezde, wato mijin yaya, kuma ba ta taɓa raga masa ba. Jibi dangin saurayin 'yarmu za su zo neman aure daga garin Taraz, gogan kuwa ya rantse shi zai ɓare tsohuwar takardar bangon falo ya yi fenti. Ya tafasa ruwa ya yi ta sheƙawa, yadda ubansa ke yi wa bangon siminti. Ya manta namu allon farar ƙasa ne mai fatar kwali. Takarda ta fita, fata ta bi ta, bango ya koma kamar kunun da ya kwana.

Tolegen ya ce, "Ke ba kya zuwa sai kin jiyo ƙamshin nama."

"Ta'aziyya na zo. Wa ya yi wa mamacin wanka?"

"Gwani. Haka babana ya yi a tsohon gidanmu, bango bai ce uffan ba."

"Wancan ko tankar yaƙi ba ta huda shi. Wannan in ka yi atishawa sai an kira masa likita, ka bi ka dafa shi kamar kan rago."

"Zai bushe."

Marjan ta danna yatsa, ya shige har gaɓa. "Ma sha Allah, har taga ka fitar. Surukai daga zaune za su riƙa leƙa tukunya."

"Laifi tudu ne! Wa ya manna takardar tun farko? Ba ke kika dama kunun fulawa kika shafa a allo tsirara ba, kina cewa ko jikokina ba za su iya ɓare ta ba?"

"To ƙarya na yi? Ai takardata ba ta ɓaru ba, bangonka ne ya ɓaru."

"Da ma hannunki in ya kama abu ba ya saki. A tambayi mijinki, bawan Allah."

Nan haƙurina ya ƙare. Na ce, "Jibi fa! 'Yata za ta shigo da shayi gaban mutane, su dubi wannan su ce ga gidan da ta fito?"

Marjan ta zura takalmi ta fice. Can sai ga ta a tasi da jar dardumar da mahaifiyarmu ta bar mata, wadda ko ni ba ta yarda in taɓa.

"Ungo, Jezde, rataya a bango yadda iyayenmu ke yi. Don 'yata na kawo, ba don kai ba."

Tolegen ya dubi darduma, ya dubi bango. "To a ina ƙusa za ta kama?"

"Wa ke maganar ƙusa? Ka tsaya a bayanta ka riƙe har baƙi su tafi. Bango ya ɓuya, kai ka ɓuya, yarinya ta samu miji."

Ya yi dariya har ya zauna a kan gwangwanin fenti.

"Kin ci, ja'ira. In an kawo kan rago jibi, kunnen naki ne, yadda ake ba yara. Ko Allah zai sa ki fara jin magana."