Yadda Za Ka Sa Direban Bas Ya Taka Maka Birki Kana Kan Keke

Kai mai keke, matso kusa. Shekara ashirin da biyu ina zaune a kan tabarma ɗaya a bakin mararrabar Satmatha ina yi wa kekunan garin Bogura faci, kuma babu irin lanƙwasar da idona bai gani ba. Akwai keken da ya koma kamar lauje, akwai wanda aka kawo mini a buhu, akwai kuma wanda mai shi bai samu dawowa ya karɓa ba. Saboda haka in na ce zan koya maka yadda za ka raba titi da direbobi ka koma gida da ƙafafunka biyu, ka san ba a littafi na karanto ba. Matakai bakwai ne, daidai da adadin hanyoyin da suka haɗu a wannan mararraba. Na ba ka tabbaci ɗari bisa ɗari, domin an gwada su a kan mutum ɗaya, Torab Ali wanzami, kuma yana nan da ransa.

Mataki na ɗaya: Ka san matsayinka

Titi gida ne mai tsari. Babbar mota ce uwar gida, bas na biye da ita, sai ƙananan motoci, sai riksha, wato keken haya mai ƙafa uku, sai akuya. Kai kana bayan akuya, domin ita in an buge ta mai ita zai fito da sanda.

Ka kuma sani cewa direban bas ba ya duban hagu. Ba aikinsa ba ne. Wannan aikin kwandasta ne, wanda ke maƙale a bakin ƙofa yana dukan jikin mota da tafin hannu yana sanar da abin da ya gani. In ƙaramar mota ce, wadda suke kira roba, sai ya ce wa direba, wanda suke kira Ostad, wato maigida, "Ostad, roba a hagu." In riksha ce ya faɗa, in saniya ce ya faɗa har da launinta. In keke ne ba ya cewa komai, kuma ba mugunta ba ce, keke ne kawai ba shi da suna a bakin kwandasta. Ka tambayi Kalimuddi, dattijon da ya yi furfura a ƙofar koriyar bas ɗin nan da aka rubuta wa "Addu'ar Uwa" a goshi. Shekara talatin yana kiran abubuwa a hagu, bai taɓa kiran keke ba. Direbansa, Ostad Mokbul, mutum ne da ake labarin cewa takalmin birkinsa har yanzu na kamfani ne.

Mataki na biyu: Ka ɗauko abin da ya fi ka daraja

Tunda kai ba a ganinka, sai ka nemi kayan da za a gani. Wasu na ɗaukar kwalaben iskar gas, wasu kejin kaji. Torab Ali bai zaɓi nasa ba, ƙaddara ce ta zaɓa masa.

Shagonsa bango ne, kujera ɗaya, da madubi. Wata safiya ma'aikata suka zo da jan fenti suka zana wa bangon alama, suka ce za a faɗaɗa titi don motoci su ji daɗin wucewa. Surukinsa ya samo masa gindin wani mangwaro a Matidali, kusa da inda bas-bas ke sauke fasinja, tafiyar mil uku. Kujera ta bi riksha ta tafi. Madubin kuwa Torab ya ce ko gawarsa ce ba za ta ba wani ya ɗauka ba.

Madubin mahaifinsa ne, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, firam ɗinsa na katako, kuma a kusurwar sama akwai wani baƙin tabo mai siffar kifi. A gabansa Torab ya koyi riƙe aska. Duk masu askin gefen titi suna fama da guntun madubi kamar tafin hannu, shi kaɗai ne mutum zai zauna a wurinsa ya ga kansa har kafaɗu ya ji shi ma wani ne. Torab ya san sarai cewa in madubin nan ya fashe, abokan cinikinsa za su watse, shi kuma ba shi da wata sana'ar, kuma ba shi da wani abin tunawa da ubansa. Tsoro yake ji, kuma bai ɓoye mini ba lokacin da ya kawo kekensa in ba shi iska.

Mataki na uku: Ka saurari matarka, amma ka ɗaura da kanka

Matarsa Sofura ta biyo shi har tabarmata tana mita. Ta ce ya jira ranar yajin aiki da titi zai zama fayau, ya ce gemun mutane ba ya yajin aiki. Ta ce to ya tura keken da ƙafa, ya ce wanzamin da aka gani yana tura keke mil uku an gama raina shi. Da ta ga ba zai ji ba sai ta ciro tsohon sarinta, doguwar atamfar da matan garinmu ke naɗawa, ta naɗe madubin kaf.

"Baban Shefali," in ji ta, "in ka ga za ku faɗi, ka tuna kai kana warkewa, shi ba ya warkewa."

Muka ɗaura masa shi a baya da robar tayar keke, gilashin na kallon baya, kamar goyon yaro. Ni na ja robar, shi ya ƙulla lulluɓin. Ka riƙe wannan, domin in an zo rabon laifi ba ni na yi ƙullin ba.

Mataki na huɗu: Ka bar iska ta yi aikinta

Bai yi nisa ba wata babbar mota ɗauke da bulo ta wuce shi a guje, iskarta ta fizge sarin Sofura ta tafi da shi maƙale a ƙugiyar baya. An ce an ga sarin can a garin Rangpur mai nisa. Torab ya so tsayawa, amma mai madubi a baya ba ya iya sauka cikin cunkoso, sai ya ci gaba da murza feda yana salati.

Daga nan ya fara jin abin da bai taɓa ji ba a rayuwarsa, wato ƙarar birki a bayansa. Wata farar roba ta taso za ta matse shi kamar yadda aka saba, sai direbanta ya hango wata farar mota ta nufo shi gadan-gadan a kan hannunsa. Ya taka birki, ya leƙo ta taga ya zazzage wa mutumin zagi, mutumin ma ya leƙo ya rama. Wani mai babur ya kauce har cikin kwandon mai sayar da gwaiba. Wani mai riksha ya bi Torab rabin mil a hankali yana gyara tsagin gashinsa, fasinjansa na roƙonsa ya wuce.

Ga hikimar, kyauta na ba ka: direba ba ya tsoron kashe ka, amma yana ganin girman mota irin tasa. Torab ya ga fili ya buɗe a bayansa kamar na gwamna, har ya fara jin kansa, ya ɗan matso tsakiyar titi. Wannan kuskure ne, amma ka yi shi, domin mataki na gaba na bukatarsa.

Mataki na biyar: Kada ka waiwaya

Ana saura rabin mil a kai Matidali sai ya ji wata oda da duk Bogura ta sani, mai kiɗa uku kamar kukan jaki. "Addu'ar Uwa" ce. Gefen hagu rami ne na aikin faɗaɗa titi, gefen dama motoci, waiwaye kuma ba hali, don in ya juya madubin zai rinjaye shi. Ya sunkuya ya ƙara wuta, kuma sunkuyawar nan ce ta ɗaga fuskar madubin sama, ta saita shi daidai kujerar direba.

Abin da ya faru a cikin bas ɗin Mokbul ne ya faɗa da bakinsa daga baya. Kalimuddi ya ga keke, don haka ya yi shiru. Mokbul kuwa ya hango wata koriyar bas a kan hannunsa ta nufo shi. A shekara ashirin bai taɓa kauce wa bas irin tasa ba, sai ya kunna mata fitila, ita ma ta kunna masa. Ya ƙara mai, ita ma ta ƙara. Da suka matso sai ya ga direban: ido jajir, baki ja da taunar ganye, jijiyar wuya a tashe, yana zage-zage. Ya ce a ransa wannan mahaukacin wata rana sai ya kashe mutum, ina hukuma take ne. Sannan ya ga wani baƙin tabo mai siffar kifi a saman kunnen mahaukacin.

Ya san kifin nan. Shekara goma sha huɗu, duk Juma'a kafin masallaci, a saman kunnensa yake zama lokacin da ake masa aski. Ya haɗa ƙafa biyu ya danne birki. Fasinjojin baya suka tsinci kansu a gaba, wata tsohuwa ta sauka a cinyar wani malamin makaranta, buhun albasa ya yi ta kansa. Bas ta ja taya ta tsaya, tsakaninta da madubin bai kai taku ɗaya ba.

Mataki na shida: In za ka faɗi, ka faɗi rubda ciki

Bas ba ta taɓa shi ba, ƙarar ce ta kayar da shi. Torab ya tuna maganar Sofura, ya saki keken ya miƙa fuskarsa ga kwalta. Haɓarsa ta fashe, gwiwarsa ta ɗaye, madubin yana bayansa lafiya lau yana kallon sama.

Yanzu ka san dokar garinmu. Kafin a yi karo babba ke da gaskiya, bayan an yi karo ƙarami ke da ita. Mai keken da ba wanda ya gani yana tafe, da zarar ya kwanta a ƙasa sai ya zama ɗan'uwan kowa. Kafin ƙiftawar ido masu shayi, masu riksha da masu jiran mota sun kewaye bas, wani har ya fara tambayar wa ke da ashana. Direba mai hankali a nan yakan dira ta taga ya shiga gonar shinkafa. Mokbul bai motsa ba, yana zaune yana shafa fuskarsa, har aka jawo shi ƙasa ta kwalar riga.

Torab yana kwance, ba ya iya tashi saboda goyonsa, ya ɗago kai ya gane wanda ake shirin duka. Ya roƙi jama'a su dakata. Suka ce ya kwantar da hankalinsa, yanzu za a rama masa.

"Ku bar masa fuskarsa," in ji Torab, jini na ɗiga daga haɓarsa. "Shekara goma sha huɗu ina wahala da ita. In kuka kumbura ta, ta ina zan bi da aska?"

Jama'a suka tsaya cirko-cirko, don ba a taɓa kawo musu irin wannan ƙara ba. Wani dattijo mai sayar da ganyen taunawa ya yanke hukunci cewa tunda an riga an taru, ba za a watse haka nan ba. Direba zai ɗauki madubin da hannunsa ya kai gindin mangwaro, ya kuma zama mutum na farko da za a aske a sabon wuri. Haka aka yi. Mokbul na gaba rungume da madubi, Torab na ɗingishi, Kalimuddi na tura keke, fasinjoji arba'in na biye suna tambayar yaushe za a tashi.

Mataki na bakwai: Ka riƙe aska, ka yi magana a hankali

Aka kafa ƙusa aka rataye madubi. Mokbul ya zauna, kifin ya koma mazauninsa. Torab ya shafa masa kumfa, ya wasa aska a fata ya daɗe yana wasawa, ya ɗaga masa haɓa da yatsa ɗaya. An ce wanzami ba ya son jarfa, to ranar aka gane direba ma ba ya son a matse shi.

"Torab Bhai, ɗan'uwana," Mokbul ya ce da ƙyar, "wallahi ban san kai ne ba. Ni kekuna nake gani, ban taɓa lura da wanda ke kansu ba."

Torab ya ɗora askar a gefen wuyansa ya ja ta sama sannu a hankali, ya goge a tsumma.

"Ostad, duk Juma'a wuyanka na hannuna, kuma mutane na jira a layi. Ka taɓa jin na ce ina sauri?"

Ba wanda ya yi dariya. Torab ya gama askin tsaf ba ko ƙwarzane, ya shafa masa alif na kashe zafin aska, ya ce ya tashi fasinjojinsa na jira.

Ba zan yi maka ƙarya in ce Mokbul ya zama waliyyi ba. Har gobe yana tsere da sauran bas-bas, odarsa na nan da kiɗanta uku. Abu ɗaya ne ya sauya. Washegari "Addu'ar Uwa" ta zo wucewa ta gaban tabarmata, wani mai kai madara na tafe a kan keke da garwa biyu, sai na ji Kalimuddi ya daki jikin mota ya ce, "Ostad, wanzami a hagu." Bas ta ɗan karkata dama ta ba shi kamu biyu. Tun daga ranar duk mai keke wanzami ne a bakin Kalimuddi, ko ɗalibi ne, ko liman, ko mace. Sauran kwandastoci na yi masa dariya, shi kuma bai fasa ba.

Ba ruwana

Duk wanda ya bi waɗannan matakai ya bi su ne da ƙafarsa. Mutum uku sun kwaikwayi Torab: ɗaya ya haske idon ɗan sandan hanya da rana tsaka, ɗaya rago ya bi shi da tunkuyi har gida, na ukun ya ɗaura madubin yana kallon gaba. Ban san su ba, ban ba su iska ba. In kekenka ya lanƙwashe ka kawo, in kai ne ka lanƙwashe asibiti na gaba da gidan waya. Kada kuma ka tambaye ni me ya sa ban taɓa tashi na gwada maka da kaina ba. Sandunan nan biyu da ke jingine a bayana ba na sayarwa ba ne. Ranar da na hau keke na ƙarshe akwai kwandasta a bakin ƙofa, mun haɗa ido da shi, bai dai san me zai kira ba.