Diyyar Barewa Kyallu

Shekarar da annobar tari ta shiga Dajin Gawo, har ungulaye sai da suka gaji da ci. Sarki Zaki ya sa aka yi shela cewa kowa ya zo a yi masa allurar rigakafi, duk wanda ta yi wa illa kuma fada za ta ɗauki nauyinsa. Allura ta yi aiki, wannan ba a musu, dabbobi da yawa sun tsira. Amma ta taɓa 'yan ƙalilan, cikinsu har da wata barewa mai suna Kyallu, wadda ƙafafunta na baya suka shanye. Barewar da ba ta gudu kuwa, abincin wani ce.

Yayanta Barmo ya roƙi jaki ya kai ta fada. Shinge kawai yake nema mata, da ɗan abin kiwo.

Kura, Ministan Lafiya, ya miƙe ya gyara murya. "Ranka ya daɗe, wannan gwamnati ba ta runtsawa saboda talakawa. Ciwon Kyallu ciwonmu ne."

Dila, mai ba sarki shawara, ya ce, "Haka ne. Amma ina shaidar cewa da can tana gudu?"

Barmo ya durƙusa. "Allah ya ja zamanin sarki, Minista ne shaida. Ya sha bin ta bai kamo ta ba."

Kowa a majalisa ya shiga kallon ƙasa. Aka juya ga Ungulu, shugabar kwamitin tantancewa, ta ce ita gawa ta iya dubawa, mai rai sai dai ya yi haƙuri tukuna. Kunya dai ba ta taɓa kwana a wannan fada ba.

Kura ya sake miƙewa, miyau na zuba. "Don a san muna da tausayi, na ɗauki jinyarta. A kai ta gidana yau."

Zaki ya yi hamma, ya ce an amince. Fadawa suka ɗau tafi. Kyallu ta dubi yayanta ta ce, "Yaya, mai da ni gida." Dogarai suka ce hukuncin sarki ba ya tashi.

Sauran masu jinya da ke jira a ƙofar fada duk sun ji. Ɗaya bayan ɗaya suka ja jiki suka shige ciyawa.

Washegari fada ta yi shelar cewa babu sauran mai neman diyya a faɗin ƙasar.